Fim da talabijin: Aikin bayan fage da ya kamata matasan Dogon Dutsi da Tibiri su koya

A shekarar 1987, a wajen bikin finafinan Afirka na FESPACO da ake gudanarwa a birnin Wagadugu, fim ɗin da ya lashe babbar kyauta shi ne Sarraounia, na marigayi Med Hondo ɗan asalin ƙasar Muritaniya. Labarin da ke cikinsa na ƙasar Arewa ne, wato ƙasar Arawa da ke jihar Doso a Jamhuriyar Nijar, inda Sarauniya Mangu ta garin Lugu ta tari rundunar Faransa da Voulet da Chanoine ke jagoranta a watan Afrilun 1899. Littafin da aka ciro labarin daga cikinsa shi ma na ɗan Nijar ne, marigayi Abdoulaye Mamani, wanda aka buga a 1980.

Sai dai duk wanda ya kalli wannan fim bai ga Lugu ba, bai ga duwatsun Dogon Dutsi ba, bai kuma ji Hausar Arewa a bakin Sarauniya ba. Da farko a Nijar aka shirya ɗaukarsa, amma kafin a fara aiki al'amura suka wargaje tsakanin mai fim ɗin da hukumomin wancan lokaci, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta buɗe masa ƙofa. A can aka yi ɗaukar, a can aka tara jama'ar da suka fito a ciki, ita kanta Aï Keïta da ta fito a matsayin Sarauniya 'yar can ce. Magina da teloli da direbobi da masu dafa abinci na Burkina su suka ci moriyar aikin, jikokin Sarauniya kuwa sai dai labari.

Saɓani da hukumomi ne ya raba Nijar da wancan fim. Amma akwai darasin da ya bari wanda har gobe yana da amfani: fim yana zuwa ne inda aka share masa fage, kuma kuɗinsa a inda aka ɗauke shi ake kashe su. Saboda haka tambayar da muke yi ita ce, idan yau wani kamfani ya taso daga Yamai ko Kano ko wata ƙasa ya ce zai yi kwana ashirin yana aiki tsakanin Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri, wa zai tarbe shi da tsari a rubuce? Wa zai gaya masa abin da aikin zai ci, da wanda za a nemi izini a wurinsa, da inda mutum talatin za su kwana? Wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta, ana koyonta kamar yadda ake koyon riƙe kyamara, kuma a ganinmu ita ce ƙofar shiga harkar fim mafi kusa da matasan wannan yanki.

Wane ne mai tsara aiki?

Mai kallo yakan san 'yan wasa, ya san darakta, wani lokaci ya san furodusa. Idan sunayen ma'aikata suka fara hawa a ƙarshen fim kuwa, an riga an miƙe ana kaɗe riga. A cikin waɗannan sunaye ne ake samun mutumin da muke magana a kansa.

A babban shiri, furodusa shi ke nemo kuɗi ya ɗauki nauyin aikin. A ƙarƙashinsa akwai manajan shiri, wanda 'yan fim na Kano ke kira furodakshin manaja, shi ke riƙe da kasafin kuɗi. Sai mai tsara aiki, wanda ke zaune tsakanin ofis da fagen ɗauka, yana tabbatar da cewa kowane mutum da kowane kaya da kowace takarda sun isa inda ake bukatarsu a lokacin da ake bukatarsu. A ƙasashen da ke bin tsarin Faransa, ciki har da Nijar, babban ɓangaren wannan aiki yana hannun wanda ake kira régisseur, mai kula da masauki da sufuri da abinci da wuraren ɗauka. A ƙananan finafinan da aka fi yi a ƙasar Hausa kuwa, sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da duk waɗannan kaya a kansa.

Aikinsa yana farawa tun kafin a kunna kyamara. Zai zauna da rubutaccen labarin tare da mataimakin darakta su feɗe shi fitowa bayan fitowa: wannan fitowa da rana ce ko da dare, a cikin gida ce ko a daji, 'yan wasa nawa ne a ciki, wace sutura za su sa, ana bukatar doki ko amalanke ko jariri. Daga nan ake fitar da jadawali. Mai karatu ya sani cewa ba a ɗaukar fim bi da bi kamar yadda ake kallonsa. Duk fitowar da ke gida ɗaya a haɗe ake ɗaukarta, ko da ɗaya a farkon labari take ɗaya a ƙarshe, domin a rage zirga-zirga da kuɗin mai. Haka nan idan akwai ɗan wasa mai tsada da zai ba da kwana uku kacal, dole a tattara duk aikinsa a cikin kwana ukun nan.

Kowace yamma kuma akwai takardar kiran aiki da ake raba wa kowa. A cikinta ake rubuta ƙarfe nawa mota za ta tashi gobe, wa zai fara zama a kujerar kwalliya, waɗanne fitowa za a ɗauka, ina za a ci abinci, ina ne asibiti mafi kusa. Takarda ce guda ɗaya tak, amma idan babu ita sai ka ga mutum talatin sun yi cirko-cirko a rana har azahar ana jiran ɗan wasa ɗaya da ba wanda ya gaya masa lokaci. Kuɗin hayar kyamara da janareta da motoci kuwa ba su san da jira ba, suna ta tafiya.

A ce za a yi ɗauka a Lugu

Domin mu ga nauyin aikin sosai, mu ƙaddara wani kamfani ya yanke shawarar ɗaukar shirin tarihi a Lugu. Daga Yamai zuwa Dogon Dutsi tafiyar kimanin kilomita 270 ce a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta bi ta Doso ta wuce Birnin Ƙonni da Maraɗi har Damagaram. Lugu kuwa ba a bakin kwalta yake ba, sai an ratse. Tambayar farko ke nan: wace irin mota ce za ta shiga da kayan aiki, kuma a wane lokaci na shekara?

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa na iya datse hanya, jama'a kuma suna gona, ba mai barin noma ya zo ya tsaya a bayan ɗan wasa. Da bazara zafi kan haura digiri 40, mutane su galabaita, na'urori su yi zafi su tsaya. Da hunturu ƙura kan rufe sararin sama, hoton da aka ɗauka yau ya ƙi dacewa da na jiya, ta kuma shiga cikin kyamara. Bayan kaka ne ake samun hannuwa da abinci da sauƙin hanya, amma a lokacin ne kuma ake bukukuwa da kokawa, kowa da hidimar gabansa. Akwai ranakun kasuwa da ke kwashe mutanen ƙauye, akwai Juma'a, akwai watan azumi. Baƙo ko da ido makaho ne, duk ƙwarewar daraktan da ya zo daga nesa ba zai san waɗannan ba sai an gaya masa.

Sai batun izini. Nijar tana da cibiyar kula da harkokin fim ta ƙasa, CNCN, wadda aka kafa a 2008, kuma daga Yamai ake fara bin takardu. Amma takardar Yamai kaɗai ba ta shigar da mutum gari. Akwai gwamna a Doso, akwai shugaban gunduma da ake kira perfe, akwai hukumar gari, akwai jami'an tsaro, sannan akwai sarakunan gargajiya tun daga sarkin yanki har zuwa mai gari. A Tibiri, ga misali, ba a shiga sha'anin jama'a a tsallake fadar Samna. Lugu kuma wuri ne mai ƙa'idojinsa. Sarautar Sarauniya tana nan, tana da masu yi mata hidima da al'adun da aka gada, akwai wuraren da ba a taka su haka nan, akwai abin da ba a ɗaukar hotonsa. A gefe guda mafi yawan mutanen yankin Musulmi ne, akwai malamai da iyaye da za su so sanin me za a nuna, da kuma irin shigar da 'ya'yansu za su yi. Mai tsara aiki shi ke zagayawa ya gaida kowa, ya yi bayani, ya ji sharuɗɗa, ya dawo ya faɗa wa darakta abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Gaisuwar da aka tsallake a rana ɗaya tana iya tsayar da aikin mako guda.

Haka batun wuta. Idan ba a manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, aka kuma rufe iyakar ƙasashen biyu, ba a daidaita ba sai a watan Maris na 2024. Duk wanda ya dogara da wutar gari ko da kayan hayar da zai ɗauko daga Sakkwato ko Kano a wancan lokaci, aikinsa ya tsaya cak. Mai tsara aiki na ƙwarai kullum yana da shiri na biyu a aljihu: janareta da man da zai isa, batura, na'urar hasken rana, da ma'ajiyar hotuna biyu da ake kwafe aikin kowace rana a cikinsu, a ajiye su a wurare daban-daban.

Kuɗi da rasit

Inda aka fi samun ɓaraka tsakanin masu fim da ma'aikatansu shi ne wajen kuɗi. A ƙasar Arewa ma lissafin kansa yana da tarko ga baƙo. Da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce ta sefa. Idan mai tuwo ta ce ɗari, sefa 500 take nufi, idan ta ce ɗari biyu, jika guda ke nan, wato sefa 1,000. Furodusan da ya zo daga Kano da nairarsa yana fama da wannan lissafi, yana fama da canjin da ke hawa da sauka a bakin iyaka. Wanda ya zo daga Turai kuma rasit yake so na kowane abu, har da kuɗin da aka ba mai amalanke, domin waɗanda suka ba shi tallafi za su binciki littafinsa.

Saboda haka wanda zai yi wannan sana'a dole ya iya rubuta kasafi, ya ware kuɗin sufuri da masauki da abinci da haya da ladan ma'aikata, ya kuma bar wani abu a gefe saboda abin da ba a zata ba. Dole ya riƙe littafin ƙananan kashe-kashe, ya rufe shi kowane dare. Dole ya san yadda ake rubuta yarjejeniya da mai gidan da za a yi ɗauka a cikinsa: kwana nawa, nawa za a biya, wa zai gyara idan katanga ta faɗi. Akwai takardar amincewa da duk wanda fuskarsa za ta fito ya kamata ya sa wa hannu, idan yaro ne iyayensa su sa. Idan za a yi amfani da waƙar wani makaɗi, akwai haƙƙin mallaka, kuma Nijar tana da ofishin kula da shi, BNDA. Manyan tashoshi da masu sayen finafinai na waje sukan nemi waɗannan takardu kafin su karɓi fim, don haka fim mai kyau yana iya rasa kasuwa saboda wata takardar da aka yi sakacin cikewa a ƙauye shekara biyu da suka wuce.

Yadda aka saba koyo

Nijar ba baƙuwa ba ce a harkar fim, tana cikin ƙasashen da suka fara ta a Afirka ta Yamma. Moustapha Alassane ya fitar da Aouré tun 1962. Oumarou Ganda shi ne mutum na farko da ya lashe babbar kyautar FESPACO a 1972 da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Abin lura shi ne mutanen wancan ƙarni a bakin aiki suka koya. Ganda ya fara ne da taimaka wa Bafaranshen nan Jean Rouch a bincikensa a Abijan, kafin ya fito a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Rouch ɗin kansa ya shafe shekaru da dama yana aiki da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane, waɗanda suka san hanya, suka san harsuna, suka san ƙofar da za a ƙwanƙwasa a kowane gari. Ba a kira su masu tsara aiki ba a lokacin, amma wani ɓangare na abin da suka yi ke nan.

A Kano ma haka abin yake. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, masana'antar da daga baya aka raɗa wa suna Kannywood ta ginu ne a kan tsarin yaro da ubangida. Matashi zai fara da ɗaukar jaka da sayo ruwa a lokeshin, a hankali a riƙa aikensa kiran 'yan wasa, wata rana a damƙa masa kuɗin abinci, idan ya riƙe amana ya zama manaja. Wannan hanya ta fitar da gwanaye, ba za a raina ta ba. Illarta ita ce yaro yana gadon ƙwarewar ubangidansa tare da kurakuransa, kuma mafi yawan tsarin a ka yake, ba a takarda ba. Ranar da mai riƙe da shi ya kwanta ciwo, aiki ya kwanta tare da shi.

Zuwan finafinai masu dogon zango ya sauya lissafi. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, daga baya kuma YouTube ya zama kasuwa, mai shiri ya koma bin bashin masu kallo kowane mako. Wanda zai fitar da kashi ɗaya duk mako na tsawon watanni ba zai yi aiki da ƙwaƙwalwa kawai ba, dole sai da jadawali da mutumin da ke tsare shi.

A finafinan gaskiya da baƙi ke zuwa ɗauka ma haka ne. Fim ɗin African Apocalypse na Rob Lemkin, wanda ya fito a 2020 yana bin sawun ta'asar Voulet a garuruwan Nijar, 'yan ƙasa ne suka yi masa ja-gora, cikinsu har da Amina Weira, wadda ita ma mai shirya finafinai ce. Ba don irinsu ba, da wuya dattawa su saki jiki su faɗi abin da kakanninsu suka gaya masu.

Makarantun da ake da su

Ga mai son ya yi karatun a aji, a Yamai akwai makarantar koyon aikin jarida da sadarwa da aka daɗe da sani da suna IFTIC, wadda daga baya ta koma ESSCOM. Aïcha Macky 'yar Damagaram, mai fim ɗin Zinder na 2021, ta bi ta nan kafin ta wuce Jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis a Senegal. Sani Magori ɗan Galmi, wanda ya yi fim a kan noman albasar garinsu a 2008, shi ma a Saint-Louis ya ƙaro ilimi. A Wagadugu akwai makarantar ISIS da cibiyar Imagine ta Gaston Kaboré. A Nijeriya akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos da aka buɗe a 1995, da kwalejin talabijin ta NTA duk a Jos ɗin.

Duk waɗannan suna da nisa da Dogon Dutsi, suna bukatar takardun shaidar karatu da kuɗin zama a birni. Kuma mafi yawan matasan da ke sha'awar fim hankalinsu yana kan zama darakta ko ɗan wasa ko mai ɗaukar hoto. Kowa yana son gaban kyamara ko bayanta, ba mai son zama da littafin lissafi. Sakamakon shi ne a sami masu labari da masu kyamara, a rasa wanda zai haɗa su su gama aiki a kan lokaci kuma a cikin kuɗin da aka ware.

Abin da za a iya yi a gida

Alfanun wannan sana'a shi ne koyonta ba ya bukatar kayan miliyoyi. Allo da takarda da wayar hannu sun isa a fara, idan an sami kwamfuta ɗaya ko biyu don koyon jera lissafi, to madalla. Wuraren zama ma akwai su: gidajen matasa da al'adu, cibiyoyin koyon sana'a, da gidajen rediyon al'umma. Akwai Jami'ar Doso da aka kafa a 2014, akwai kuma asusun tallafa wa koyon sana'o'i na ƙasa, FAFPA, wanda irin wannan horo bai fita daga huruminsa ba.

Shawararmu ita ce a tsara horo na 'yan watanni bayan an gama aikin gona, a kawo ƙwararru daga Yamai da Kano su koyar, da Hausa, tare da koya wa ɗalibai kalmomin aikin na Faransanci da Ingilishi domin su iya karanta takardun baƙi. A koyar da feɗe labari, da tsara jadawali, da rubuta takardar kiran aiki, da kasafi, da yarjejeniya, da agajin gaggawa. Rabin lokacin kuma a yi shi a fage. A ba ɗalibi ɗawainiyar tsara ɗaukar wasan kwaikwayon makaranta, ko gasar kokawa, ko gajeren shirin wayar da kai a kan noman dankali da rani, a damƙa masa kuɗi na gaske komai ƙanƙantarsu, ya kawo rasit. Bayan haka a tura waɗanda suka yi fice su yi wata ɗaya ko biyu a gidan talabijin na ƙasa ko tashoshi masu zaman kansu ko wani kamfanin fim.

Daga nan sai aikin da zai amfani yankin baki ɗaya: ɗaliban su haɗa kundin wuraren ɗauka. Su zagaya Matankari da Bagaji da Ɗankasari da Kore Mairuwa da Geceme da Dumega, su ɗauki hotunan duwatsu da fadamun Dallol Mawri da kasuwanni da tsofaffin gine-gine, su rubuta nisan kowane wuri, da halin hanyarsa, da ranar kasuwarsa, da inda ake samun ruwa da masauki da waya. Su kuma rubuta masu sana'ar da fim ke bukata: teloli, maƙera, dukawa, magina, masu dawaki, makaɗa. Furodusan da aka aika wa irin wannan kundi ya riga ya ga rabin aikinsa a gama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma a bar mata a baya. Tun 1991 da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a Nijar, matan karkara suka nuna cewa sun iya riƙe asusu da bin bashi da rufe lissafi ba tare da ko dala ta ɓata ba. Wannan ita ce zuciyar aikin. Bugu da ƙari, mace ce ke iya shiga cikin gida ta yi magana da matan aure, ta kuma kula da 'yan mata da yaran da aka ɗauko aiki, abin da zai kwantar wa iyaye hankali.

Inda gizo ke saƙa

Za a iya cewa, ina amfanin horar da mutane alhali ba finafinan da ake zuwa ɗauka? Tambaya ce mai nauyi. Gaskiya ne matsalar tsaro ta taɓa sassan jihar Doso a 'yan shekarun nan, har da wasu yankuna na gundumar Dogon Dutsi da bakin iyakar Nijeriya, kuma ba wani kamfani da zai jefa ma'aikatansa cikin haɗari saboda kyan dutse. Amma wannan hali ma ƙara nuna bukatar sana'ar yake yi. Ɗan gari mai horo shi ne zai tuntuɓi hukuma, ya san inda ake zuwa da inda ba a zuwa, ya hana tafiyar dare, ya kuma iya duban darakta ya ce masa a'a. Ko a lokacin zaman lafiya hanya ba ta da tabbas. Jean Rouch, duk da daɗewarsa yana yawo a Nijar, a haɗarin mota ya rasu kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004.

Na biyu, aikin bai tsaya ga jiran baƙi ba. A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da muke fatan zai ƙara yawan shirye-shiryen Hausa a rediyo da talabijin. Matasa da dama sun riga sun fara ɗaukar gajerun wasanni da wayoyinsu suna sakawa a intanet, kuma abin da ya fi kashe irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne rigimar kuɗi da saɓa alƙawari. Na uku, wanda ya iya tsara ɗaukar fim ya iya tsara taro, da bikin gargajiya, da gasar wasanni, da jigilar amfanin gona. Ko fim bai zo ba, ilimin ba zai zube ƙasa ba.

Abin da za mu ja kunne a kai shi ne kada a mayar da horon taron kwana uku a otal, a raba takardar shaida da kuɗin mota a watse. Kada kuma a yi wa matasa alƙawarin arzikin dare ɗaya. Aiki ne na wahala, mai yinsa shi ke fara tashi shi ke ƙarshen kwanciya, idan abu ya yi kyau a yabi darakta, idan ya ɓaci a nemo shi. Jarinsa amana ce da cika alƙawari, kuma a hankali ake tara su.

Muna kira ga hukumomin jihar Doso, da CNCN, da sarakunan Arewa, da 'yan asalin yankin mazauna Yamai da ƙasashen waje, da su dubi wannan al'amari da idon basira. Haka nan manyan masu shirya finafinai na Kano da Yamai su buɗe ƙofa ga ɗalibai masu neman sanin makamar aiki. Ƙasar Arewa tana da tarihi, tana da wurare, tana da harshe da makaɗa da masu hikima. Idan ta sami 'ya'yanta goma ko ashirin da suka iya riƙe jadawali da kasafi, duk mai son ba da labarinta zai tarar da wanda zai yi aiki da shi a gida, su ma kuma za su iya ɗaukar nauyin ba da shi da kansu. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa a dace.